Wayar da babu irinta a Garwa, babu kuma mai gyaranta

A 'yan watannin nan wani sabon salon talla ya cika shafukan masu sayar da waya na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, a Facebook da TikTok, har da sitatus ɗin WhatsApp. Matashi zai ɗaga waya a gaban kyamara, ya juya ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa gilashinta da farce, sannan ya ce: "Wannan duk arewa ba mai irinta." Wata daga Japan ta fito, wata daga Amurka, wata kuma an ƙera ta ne don kasuwar cikin ƙasar Sin kaɗai. Sunan kamfanin ma wani lokaci sai ka maimaita sau biyu kafin bakinka ya iya faɗa. Jimlar da ya kamata ta sa mai saye ya mayar da kuɗinsa aljihu, ita ce aka mayar kirari, kuma ita ce ke sayar da kayan.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne 'yan amshin shatan da ke biye da wannan talla, masu kiran kansu masana waya. Sun haddace lambobi daga bidiyon Turawa: ƙwaƙwalwa kaza, kyamara kaza, gudun injin kaza. A wurinsu duk wanda ke riƙe da Tecno ko itel ko ƙaramar Samsung baƙauye ne da bai waye ba. Lambobin da suke karantowa gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai an auna su ne a Landan ko Tokyo, inda kamfanin da ya ƙera wayar ke da ofishi, inda kamfanin sadarwa ya san da zamanta, inda in ta lalace za a sa ta a ambulan a aika, a dawo da ita gyararriya. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan da ke biyo wayar cikin kwali zuwa bakin Binuwai.

Mu fara da sabis, tun da shi ne ake ɓoyewa. Duk wanda ya taso yana murɗa rediyo da asuba yana neman tashoshin Hausa a gajeren zango ya san cewa rediyon da aka ƙera da FM kaɗai ba zai kamo su ba, komai tsadarsa. Haka waya take. Kowane kamfanin sadarwa yana watsa sabis ɗinsa a kan wasu zanguna, kowace waya kuma akwai zangunan da aka gina ta ta ji. A yawancin ƙasashen Afirka 4G na gudana ne a kan zangunan 1800 da 2600 da 800, kamar a Turai. Japan da Amurka suna da nasu tsarin daban, kuma wayoyi da yawa da aka yi wa kamfanonin sadarwar Japan ba su da zangon 800 ɗin nan. Shi kuwa zangon 800 ɗin shi ne mai dogon tafiya, shi ne ke ratsa bango, shi ake dogara da shi inda turakun sadarwa suka yi nisa da juna.

Shi ya sa gwajin da ake yi a shago yaudara ce, ko da mai shagon bai yi niyya ba. A tsakiyar kasuwa, ƙarƙashin turke, kusan kowace waya za ta nuna maka wani abu. Ka sa layinka na MTN ko Orange, alamar 4G ta fito, ka biya, ka yi godiya. Sai ka kama hanyar Pitowa ko Gidar, ko ka shiga ɗakin da ke can ƙuryar gida, ka ga alamar ta koma H, ta koma E, bidiyo ya tsaya yana juyawa. Na kusa da kai mai wayar sefa dubu hamsin yana kallonsa lafiya lau. Kai kuma sai ka hau zagin kamfanin sadarwa. Su ma suna da nasu laifin, mun sha faɗa, amma wannan karon ba su ba ne.

Na Amurka kuma nasu ciwon daban. Da yawa an sayar da su ne bashi, a kulle da layin kamfani ɗaya. Wasu an buɗe su ta hanyar da ta dace. Wasu kuma wani ɗan siririn faifai ake shimfiɗawa ƙarƙashin sim don a ruɗi wayar, ranar da ka sabunta ta kuwa ruɗin ya ƙare. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim kwata-kwata, sai eSIM, wato sim ɗin da ke gine a cikin wayar wanda ba a cirewa. Ka kwatanta wannan da yadda muke rayuwa a nan: ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Mubi, ko tsakanin Kuseri da Njamena, layi biyu ko uku ne a aljihunsa, yana cirewa yana sawa gwargwadon inda ya kwana. Ka ba irin wannan mutum wayar da ba ta da ƙofa, ka ce masa ci gaba ne.

Waɗanda aka yi don cikin Sin ba sa zuwa da Play Store, domin manhajojin Google ba sa aiki a can. Huawei ma tun da Amurka ta sa mata takunkumi a Mayun 2019 sababbin wayoyinta suka rasa su ko'ina a duniya. Dillalai sun samo dabara: a fasa makullin wayar, a zuba mata wani tsarin da ba na kamfani ba, a rufe kwali kamar ba a taɓa ba. Tana aiki, har sai ranar da manhajar banki ta duba ta ga an taɓa makullin ta ƙi buɗewa, ko saƙon WhatsApp ya riƙa isowa bayan awa guda saboda wayar tana kashe manhajar a ɓoye don tattalin batir. Mai sayar da shanu da ke jiran shaidar an turo masa kuɗi ba ya da awa guda ta wasa.

Kwanakin baya na tsaya a rumfar wani mai gyara a babbar kasuwa, wani ɗan acaɓa ya miƙo waya gilashinta ya tsage kamar yanar gizo-gizo. Kyakkyawa ce ƙwarai, siririya, ta gwanjon Japan, irin wadda in ka ɗauki hoto sai ta yi ƙara ko ka rage murya, domin haka ake ƙera su a can. Mai gyaran ya juya ta, ya karanta lambar da ke bayanta, ya jawo kwalin da yake tara matattun wayoyi ya tona har ƙasa. Ya ɗauki hoton lambar ya tura wa abokin cinikinsa a Duwala, ya tura wa wani a Kano. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Ɗan'uwa, gaskiya ɗaya ce. Gilashin nan sai dai a samu gawar irinta a cire. In an samu, kuɗinsa zai kai rabin abin da ka saye ta." Yaron ya ce, "To Malam, ko za ka saya haka?" Mai gyaran ya yi dariya ya ce, "In yi me da ita? Ko batirinta ba ya shiga wata." Ana cikin haka wata mata ta kawo Tecno da irin wannan matsala. Bai ko tashi ba, ya miƙa hannu ya zaro gilashi daga jere, ya kunna na'urar hura zafi, kafin ta gama sayen kayan miya an gama.

A nan ne masanan namu suke kuskuren lissafi, kuma a nan nake so in daɗe. A garuruwanmu waya dukiya ce da ake ajiyewa. Ranar da yaro ya kwanta asibiti, ko kuɗin makaranta ya taso a watan Satumba, ita ake fara kaiwa jingina ko a sayar. Darajarta a wannan ranar tana ga yawan mutanen da suka san ta, suka yarda da ita, suka san za su samu batirinta da gilashinta da rigarta. Wayar da kowa ke da ita tana da farashin da duk kasuwa ta sani, ka sayar kafin la'asar. Wadda babu mai irinta, mai saye ɗaya ne za ka yi ta nema, in ka same shi kuma shi zai yanka maka farashi, domin ya san ba ka da wani. Talaka ya zuba ribar wata uku a abin da ba zai iya mayarwa kuɗi ba ranar da ya matsu, an kuma ce masa ya yi wayo.

Transsion, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin mai Tecno da Infinix da itel, bai mamaye kasuwar Afirka don ya fi kowa fasaha ba. Ya zo da ramin sim biyu, da batir mai jure rashin wuta, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata, ya buɗe wuraren gyara na Carlcare, ya cika kasuwanni da kayan gyara. Wanda ya ga yadda wuta ke zama idan ruwan madatsar Lagdo mai samar da lantarki ya ja baya, ya kuma san zafin Garwa a watan Afrilu, ya san amfanin batir babba da caja irin ta kowa da za ka ara a gidan maƙwabci. Ba waliyyai ba ne. Ƙananan wayoyinsu ba sa daɗewa suna samun sabuntawa, suna zuwa cike da manhajojin da ba ka nema ba, kuma a 2020 masu bincike sun gano muguwar manhaja a cikin Tecno W2 tun daga kwali, Kamaru na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Amma wanda ya yi maka laifi yana da shago a ƙasarka ya fi wanda bai ma san ƙasarka na sayen kayansa ba.

Masanan namu za su ce ai manyan kamfanoni yanzu suna alkawarin shekara bakwai na sabuntawa, kamar yadda Google ta yi da Pixel 8 a 2023, Samsung kuma da Galaxy S24 a 2024. To, alkawarin sabuntawa ba ya liƙa gilashi, kuma garantin wayar da ba a sayar da ita a hukumance a ƙasarka ba takarda ce kawai. Sannan alkawari sai mai shi yana raye. Essential, kamfanin Andy Rubin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Android, ya fitar da waya ɗaya a 2017, ya rufe a 2020. Microsoft da duk arzikinta ta yi watsi da wayoyin Windows, WhatsApp ta daina aiki a kansu a ƙarshen 2019. Tsofaffin BlackBerry sun mutu a Janairun 2022. LG ta bar sana'ar waya a 2021, bayan nan ne gwanjonta ya yi ta kwararowa kasuwanninmu da araha, ana yi mana kirarin "babbar waya a kuɗin ƙarama". In irin waɗannan sun juya baya, me ake tsammani daga kamfanin da aka kafa shekaranjiya, mai sayar da kayansa a ƙasashe goma?

Dillalai kuwa amsarsu ɗaya ce: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙarya ne, ba a ce masa rariya ba ce, an ce masa babu irinta.

Masu cewa kuɗinsu ne, sha'awarsu ce, su je su yi. Ɗan babban gida da ke da waya uku, wanda yayansa ke zuwa Dubai duk wata, ba shi nake yi wa kuka ba. Matsalar ita ce shi ke yin bidiyon, ɗan acaɓa ke saye.

Hukuma fa? A Oktoban 2020 mun ga yadda gwamnati ta iya gane kowace waya da lambarta ta IMEI, lokacin da ta tashi karɓar harajin kashi 33 cikin 100 ta hanyar zaftare kuɗin kiran mai waya, har sai da jama'a suka yi ca aka dakatar. Ke nan idan maganar kuɗin kwastan ce, an san kowace waya da sunanta da ƙirarta. Idan maganar ko za ta yi aiki a Mokolo ce, sai kowa ya zama kurma. Hukumar ART, mai kula da harkar sadarwa a Kamaru, ita ke da alhakin tantance na'urorin sadarwa kafin a sa su kasuwa. A Yawunde wataƙila ana ganin takardun. A rumfunan Garwa da Marwa da Ngaundere ban taɓa jin mai saye ya tambayi wannan shaida ba, ban kuma taɓa ganin mai sayarwa ya nuna ta ba.

Ba wani abu mai wuya ake nema ba. A tilasta wa mai sayarwa ya rubuta a rasit ƙasar da aka yi wa wayar, ko an taɓa kulle ta, ko an canza mata tsari, ya kuma yarda a dawo da ita cikin 'yan kwanaki in ta kasa kama sabis a wajen gari. Kamfanonin sadarwa su wallafa zangunansu da harshen da mutane ke ji, da Hausa da Fulatanci, su daina barin abin a hannun injiniyoyi. Shugabannin 'yan kasuwar waya ma suna iya fara wannan gobe ba tare da jiran kowa ba, in da ba su ne ke shigo da kwalayen ba.