Yaron da Ake Koyarwa a Gida Ma Yana Samun Takardar Shaida

Akwai maganar da na gaji da ji a nan Gusau: wai duk yaron da iyayensa ke koyar da shi boko a gida an kashe masa gaba, tunda ba rajistar makaranta, ba takardar shaida, balle jami'a. Na fahimci masu faɗin haka. Mun saba ganin ilimi a cikin yunifom da ƙarar ƙararrawa, kuma tsoron da suke ji wa yaron na gaskiya ne.

Sai dai ba haka abin yake ba. WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawa ta musamman ga ɗalibai masu zaman kansu, wadda mutane ke kira GCE. Mutum zai yi rajista da kansa, ya zauna, ya samu sakamakon da jami'o'i ke karɓa. JAMB ma kowa da lambarsa ta NIN yake yin rajista.

Wata maƙwabciyata, tsohuwar malamar firamare ce, ta fara koyar da 'ya'yanta tun da aka rufe makarantun Zamfara a watan Satumbar 2021 saboda satar ɗalibai, kuma ba ta daina ba. Bayan asuba su yi allo, da hantsi a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a yi Turanci da lissafi. Na ga ƙaramar 'yarta tana koyon rabawa da mudun gero da kofi. Da la'asar su tafi Islamiyya tare da yaran unguwa. Babban ɗan kuwa, an ɗaukar masa malamin kimiyya sau biyu a mako, domin ta san inda iyawarta ta tsaya.