Ofishin jakadanci ba ya ceton wanda bai san da zamansa ba

A filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, masu fita ƙasar waje ta babban zaure suke bi, da akwati da 'yan rakiya. Waɗanda ake kwasowa daga Libiya kuwa, yawanci ta ɓangaren dakon kaya ake sauke su, jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA da na ƙungiyar kula da masu ƙaura ta duniya, IOM, suna rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin waccan fita da wannan dawowa akwai ofishin da aka kafa musamman domin kada lamari ya kai ga haka, wato ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar da mutum ya je. Amma tambayi matasanmu na Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago a Legas da ke haɗa kuɗin tafiya Saudiyya ko Dubai, a wane gari ofishin yake kuma mece ce lambar wayarsa, za ka ga an yi shiru. Ba a tuna shi sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ra'ayina shi ne laifin ya rabu biyu, amma ba rabon daidai ba. Matafiyi na da nasa, don yakan fita ba tare da barin wata alama da za a bi a same shi ba. Gwamnati kuwa nata ya fi nauyi, don ita ce ta bar hanyar yin rajista da ofishin jakadancin ta zama abin da sai mai boko da intanet ke iya bi, ta kuma bar ofisoshin cikin yunwa.

Ya kamata a fara sanin iyakar ikon ofishin, domin rashin saninta ne ke haifar da yawancin zagin da ake yi masa. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ita ce ta tsara aikin ƙananan jakadu a duniya. Sashe na 36 ya ce idan aka kama baƙo, hukumar da ta kama shi za ta gaya masa cewa yana da damar a sanar da ofishin ƙasarsa, idan kuma ya nema, dole a sanar ba tare da ɓata lokaci ba. Jami'in ofishin na da ikon ziyartarsa a inda ake tsare da shi, ya yi magana da shi, ya taimaka a samo masa lauya. A lura da sharaɗin: idan ya nema. Wanda ya yi shiru saboda tsoro ko kunya, ana iya kai shi gaban alƙali har a yanke hukunci ofishin bai ji labari ba. Saboda haka abu na farko da wanda aka kama zai faɗa shi ne a sanar da ofishin jakadancin Najeriya, na biyu kuma ya nemi tafinta, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Amsa laifi da aka rubuta da Larabci aka sa wa hannu a daren farko, da wuya wani jakada ya goge shi daga baya.

Abin da ofishin ba zai iya ba shi ne ya buɗe kurkuku, ko ya soke hukuncin kotu, ko ya biya wa mutum tara da bashi. Dokar ƙasar da ka shiga ita ke kanka. A Saudiyya safarar miyagun ƙwayoyi hukuncinta na kaiwa ga kisa, an kuma zartar da shi a kan 'yan Najeriya. Jama'a ba su manta da ɗalibar nan 'yar Kano ba, wadda aka kama a Madina a watan Disamba na 2018 saboda wata jaka mai ɗauke da taramol da aka liƙa wa sunanta. An sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019, bayan da binciken hukumar NDLEA a filin jirgin Kano ya gano cewa wasu ma'aikata ne suka liƙa sunan nata a jakar da ba tata ba. Hujjar daga gida ta fito, diflomasiyya ta ɗauke ta ta kai. Don haka mai tafiya ya ƙirga jakunkunansa a gaban mai awo, ya duba cewa adadin 'yan takardun kaya da aka manna masa a tikiti ya yi daidai da adadin jakunkunan, ya ɗauki hotonsu da waya ya tura wa na gida. Saƙon wani kuwa, ko na yaji ne ko na kilishi, in ba a buɗe a gabanka ba, a ba mai shi haƙuri.

Fasfo shi ne abin da ya fi kai mutane ƙofar ofishin. Akwai mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma. Daga Satumba na 2025 kuɗinsu a cikin Najeriya ya koma naira 100,000 da naira 200,000, a waje kuma dala 150 da dala 230. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida, kuma ba sa sabunta takardar zama a kansa. Wanda zai yi zaman shekaru, gara ya daure ya yi na shekara goma a ofishin fasfo na Ikoyi ko Festac ko Alausa kafin ya tashi. Abin da ke tsayar da sabuntawa a waje galibi ba rashin kuɗi ba ne, saɓanin bayanai ne tsakanin fasfo da lambar NIN. Mu kuwa wannan cutar ta fi kama mu: Muhammad a nan, Mohammed a can, sunan gari a matsayin sunan mahaifi a takarda ɗaya, babu shi a ɗayar, ranar haihuwa 1 ga Janairu da wani mai shagon kwamfuta ya zaɓa wa mutum. Gyaran harafi ɗaya da za a yi a Legas cikin sauƙi, a waje yakan ci watanni, kafin nan takardar zama ta mutu, mutum ya koma mai laifi yana zaune a ɗakinsa.

Idan fasfo ya ɓata, matakin farko rahoton 'yan sandan ƙasar, sannan a je ofishin da hotuna da duk abin da zai nuna mutum ɗan Najeriya ne. Ofishin na iya bayar da takardar tafiya ta gaggawa, wadda ke kawo mutum gida kawai, tafiya ɗaya, ba a yawo da ita wata ƙasa. A nan ne Bahaushe ke shan wata tambayar da wasu ba sa sha, don Hausa ba ta tabbatar da ƙasa. Ana yin ta a Maraɗi kamar yadda ake yin ta a Katsina. Hoton shafin farko na fasfo da na takardar NIN, a ajiye kwafi a waya, a bar kwafi a hannun ɗan'uwa a gida, shi ke raba wannan gardama cikin minti biyar.

Sai batun aiki, inda mata suka fi shan wuya. Eja, wato dillalin tafiya, zai ce aikin shago ne ko na asibiti, a ba shi kuɗi, ya kawo bizar ziyara ko ta Umara ya ce in an isa za a juya ta. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, kuma ranar da wa'adinta ya cika, mai ita ya zama abin farauta. Ko wanda ya shiga da bizar aiki ta gaskiya, zamansa a ɗaure yake da kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa a biza. Gyaran da Saudiyya ta yi wa dokar ƙwadago a 2021 ya sassauta canjin wurin aiki da fita ƙasa, amma bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali a nan yawancin mutanenmu suke. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokarsu, amma ana yi. Idan 'yar aiki ta gaji da azaba ta fice, mai gida yakan riga ta kai rahoton cewa ta gudu, daga nan sunanta ya shiga kwamfuta, hanyarta ta gida ta zama ta tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, irin na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. Wadda ta fara kai ƙorafinta ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda ko babban na Riyad, da kwafin kwantiragi a hannu, tana da abin tsayawa a kai wajen neman albashinta. Wadda ba ta taɓa ganin kwantiragin ba fa? Kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata zuwa waje dole ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ejan da ya kasa nuna shi, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ce ta dace da shi, ba kuɗin gadon marayu ba.

Yaƙin Sudan ya nuna tsadar rashin rajista. Faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu na 2023, kuma akwai ɗimbin ɗalibanmu a can, mafi yawansu 'yan Arewa. Gwamnati ta ce ta kashe dala miliyan 1.2 wajen hayar motocin bas 40, aka nufi iyakar Masar, inda aka yi kwanaki a tsaye kafin a bar su su wuce zuwa Aswan su hau jirgi. An dawo da sama da mutum dubu biyu, kuma wannan abin yabo ne. Amma ɗaliban sun fi sauƙin tattarawa saboda suna da ƙungiya da jerin sunaye. Mai ɗinki da mai wankin mota da matar da ta yi shekara ashirin a Omdurman ba takarda, ba sa cikin lissafin kowa. Ba a hayar mota don mutumin da ba a san yana nan ba.

To, a nan ne hujjar "ai ba su yi rajista ba" take ƙarewa, nauyin ya koma kan gwamnati. Najeriya na da ofisoshin jakadanci 109 a duniya. A Satumba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kira jakadu gida, aka kuma shafe fiye da shekara biyu ana tafiyar da ofisoshin da masu riƙon ƙwarya, sai a ƙarshen 2025 aka aika wa Majalisar Dattawa sunayen sababbi. Mai riƙo na iya sa hannu a fasfo, amma neman afuwa ga wanda ke jiran takobi yana buƙatar wanda za a buɗe wa ƙofar minista. Ma'aikatar Harkokin Waje da kanta ta amsa a 2025 cewa wasu ofisoshin na fama da bashin haya da na albashin ma'aikata. Wannan kuwa a ƙasar da mazauna waje ke aiko mata da kusan dala biliyan 20 a shekara. Jami'in da ba shi da kuɗin man mota ba zai yi tafiyar awa shida ya duba fursuna ba, komai kyawun zuciyarsa. Hukumar NIDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje, wadda Abike Dabiri-Erewa ke shugabanta, tana ƙoƙari wajen ɗaga murya, sai dai ba ita ke da ikon shiga kurkukun wata ƙasa ba. Wannan aikin ƙaramin jakada ne. Kuma sau da yawa sai bidiyon kuka ya zagaya Facebook kafin a motsa, abin da ke koya wa jama'a cewa hayaniya ta fi bin ƙa'ida amfani.

Na kusa ma ba su tsira ba. 'Yan kasuwarmu da ke bin Seme zuwa Kwatano da Lome da Kumasi sukan ɗauka yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba su zama ba iyaka. Kwana 90 ta bayar ba biza, bayan haka sai takardar zama. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da zai yi fatauci jarin dala miliyan ɗaya, kuma da ita aka kafa hujjar rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Wanda aka haifa a zango, wato unguwar baƙi a waɗannan ƙasashe, bai taɓa riƙe takardar kowace ƙasa ba, matsalarsa ta fi ta kowa.

Rasuwa ma tana da takardunta. Musulmi galibi a can ake binne shi, kuma hukumomi kan nemi wasiƙar amincewa daga ofishin jakadanci kafin su saki gawa. Bayan jana'iza akwai sauran albashi da kuɗin sallama, wani lokaci da diyya. Magada a Najeriya ba za su karɓa ba sai da takardar wakilci wadda Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga wa hatimi, sannan ofishin jakadancin waccan ƙasar ya tabbatar. Haƙƙin marayu da yawa ya maƙale a nan, don iyalin ba su san ko sunan kafilin mamacin ba.

Gyaran da nake gani ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Jami'in shige da fice a Ikeja da Seme ya riga ya riƙe fasfon kowane mai fita. A ƙara tambaya uku ga mai bizar aiki ko karatu, wato garin da zai zauna, sunan wanda zai yi wa aiki ko makarantarsa, da lambar ɗan'uwa a gida, a tura kai tsaye ga ofishin da ke kula da ƙasar. A miƙa masa ɗan kati mai lambar gaggawa da bayanin sashe na 36 cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. Ofisoshin Jidda da Alƙahira da Tarabulus da Dubai su kasance da mai ɗaga waya dare da rana wanda ke jin Hausa. A ware kuɗin ziyarar kurkuku da na lauya daban a kasafi, kowane ofishi kuma ya riƙa bayyana wa Majalisa duk shekara adadin 'yan ƙasa da ke tsare a yankinsa da sau nawa aka duba su. Fadar Sarkin Hausawan Agege da shugabannin kasuwar Mile 12 da limaman Juma'a na unguwanninmu kuma za su iya buɗe littafi tun yanzu, ba sai sun jira Abuja ba: duk mai tafiya ya kawo kwafin fasfo da biza da kwantiragi da sunan ejansa a ajiye kafin a yi masa addu'ar sauka lafiya.