Faifan Fam Biyar

Duk faifan garmahon da ya shigo gidan nan fam biyar aka saye shi. Haka uwargida ta sani, don tun daga bakin ƙofa nake sanar da ita kafin ma ta tambaya. Na fam ashirin, fam biyar ne. Na fam sittin, fam biyar ne. Da haka muka zauna lafiya shekara huɗu a Birmingham, har ranar da surukata Hajiya ta tuƙa tuwo.

Maƙwabcina ne ya jefa ni a wannan hali, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe. Wani dare na ji ruwan sama da tsawa da ƙararrawa suna fitowa ta bangon da ke tsakaninmu, alhali a waje ko yayyafi babu. Can sai jita ta faɗo, kamar an jefa uwar maƙera cikin rijiya. Na zura takalmi na tafi in yi masa kashedi. Ban dawo ba sai bayan awa biyu, da faifan aro a hammata.

Shi ya ba ni labarin Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath, ɗan unguwar Aston a nan cikin gari. Yana shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta, ya ƙera wa kansa hulunan yatsa da robar kwalba, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don ya rage wa yatsun azaba, sautin ya ƙara yin ƙasa ya yi nauyi. Ni kuwa ɗan gidan maƙera ne, ƙarar masaba ce ta yaye ni. Na ce a raina, ashe heavy metal ɗin nan da ake ta tsorata mutane da shi kiɗan maƙera ne, dundufar Turawa. Daga nan aka rasa ni.

Da sauraro kawai na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Sai dattijo ya koya mini juya kwalin faifai in karanta bayansa, can ƙasa inda ake rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi. A cewarsa yara ne ke tara faifai saboda mawaƙi, manya furodusa suke bi, don mai kawo cefane daban, mai girki daban. Ya nuna mini sunan Rodger Bain, wanda ya tsaya kan faifan Black Sabbath uku na farko. Na farkon a yini ɗaya aka ɗauke shi a wani ƙaramin situdiyo a Landan, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970. Yini ɗaya fa. Ni fentin ɗakin yara sai da ya ci mini wata biyu. Injiniyan sautin wannan aikin, Tom Allom, shi ne daga baya ya zama furodusan ƙungiyar Judas Priest, ya yi musu faifan British Steel a 1980 a gidan Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles. A nan ne suka riƙa girgiza faranti cike da cokula da wuƙaƙe don su samu ƙarar tafiyar mutum-mutumin ƙarfe, suka kuma fasa kwalaben madara gaban makirfo. Na yi ta dariya da na ji an haɗa kayan kicin da faifai. Da na san abin da ke jirana da ban yi ba.

Gwanina dai Martin Birch ne, wanda ya riƙe ƙungiyar Iron Maiden tun daga faifan Killers a 1981 har 1992, har suka laƙaba masa Hedimasta a bayan kwali. Kantata ma bisa sunan furodusa na jera ta: ga layin Bain, ga na Allom, ga na Birch wanda ya fi kowanne tsawo, ga Vic Maile a lungu da Motörhead ɗinsa. Uwargida ta taɓa tsayawa a bayana ina wannan jeri, ta ce, "Abban Ummi, ka san sunan wanda ya murɗa maɓalli a 1970, amma har yau ba ka san ranar da ake kwasar shara a layin nan ba." Ban tanka ba, don ranar ma ta wuce ni.

Abin da na daɗe ina farauta shi ne bugun farko na wancan faifan na 1970, na kamfanin Vertigo, mai lamba VO 6. A fuska ɗaya tambarinsa zane ne baƙi da fari mai murɗewa, in faifan na juyawa ka zuba masa ido sai juwa ta ɗebe ka. Na same shi wata Asabar a kasuwar 'yan faifai da ake ci a wani zaure, a teburin wani mutum mai furfurar gashi har kafaɗa. Na ɗaga shi ga haske, na duba 'yan lambobin da ake karcewa kusa da tambari, na sake dubawa da tocilar waya kamar mai sayen gwal. Ya ce fam 260. Na yi masa irin tamu ta gida: na taya 150, na girgiza kai, na juya na fara tafiya a hankali ina jiran ya kira ni. Bature bai san wannan al'ada ba. Na kai har ƙofa, na leƙa waje, na dawo da ƙafata. Muka rabu a 240.

"Nawa wannan kuma?" in ji uwargida da na shigo.

"Fam biyar."

Lokacin tana da tsohon ciki. Bayan mako uku ta haihu, mahaifiyarta ta taso daga gida ta zo zaman jego. Kafin jirginta ya sauka na yi shiri irin na mai hankali. Duk faifan Iron Maiden na kwashe na cusa ƙarƙashin gado, saboda Eddie, wannan ƙwarangwal mai yaƙe haƙora da ke kan kwalayensu. Na san in Hajiya ta yi ido biyu da shi sai an sauke Alƙur'ani a gidan. Garmahon ma na lulluɓe shi da zane. Kwana shida ban kunna komai ba.

Ana gobe suna sai shaiɗan ya raya mini in wanke faifan nan, tunda ba zan iya saurarensa ba. Masu tara faifai suna yi: ruwa mai tsabta, ɗan ƙyalle mai laushi, a bi layin a hankali. Na gama, na jingine shi a kan teburin cin abinci ya sha iska, sai ga waya daga mahauci cewa in zo maganar rago. Na ce minti ashirin ne. Awa uku na yi.

Abin da ya faru a bayana daga bakin Ummi na ji shi daga baya, guntu-guntu. Hajiya ta raina tuwon da ake yi mata a gidan, ta shiga kicin da kanta ta tuƙa na shinkafa, ta malmala, ta cika samira. Murfin samirar ya daɗe da ɓata. Sai ta ƙwala wa jikarta kira: "Ke Ummi, ɗauko mini faifai in rufe tuwon nan kar ya huce." Yarinyar nan shekararta shida, a Birmingham aka haife ta, ba ta taɓa ganin faifan kaba da idonta ba. Faifai ɗaya ta sani a duniya. Ta dai ce, "Abba ya hana a taɓa." Hajiya ta ce, "Ni ma ya hana ni?" Magana ta ƙare.

Na shigo da sallama, da abokaina biyu da suka taya ni ɗauko nama. Hajiya na zaune a falo, na durƙusa na gaishe ta. Ina ɗago kai sai idona ya sauka kan tebur. Ga samira. A kanta ga zanen nan baƙi da fari yana kallona, tururi na fita siriri ta hudar tsakiya. Faifan ba ya juyawa, amma juwar ta same ni.

"Sannu da ɗawainiya," in ji Hajiya. "Kai, Turawa akwai dabara. Faifansu na roba ne, har da 'yar ƙofa don tururi ya fita. Sai dai ba shi da ƙwari, ka ga har ya lotsa."

Ya lotsa kuwa. Tsakiyarsa ta zauna cikin samira, gefensa ya tashi kamar hular malfa da ruwa ya daka. Robar faifai ko hasken rana ta taga ba ta jurewa, balle tuwon da aka sauke yanzu.

Ina so in kurma ihu, amma wa ke ihu gaban surukarsa? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Hajiya." Uwargida ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa, ta kalli samira, ta kalle ni, ta ce, "Ayya. To Allah ya taƙaita, tunda na fam biyar ne." Abokaina suka wanke hannu. Ni na ɗaga murfin da kaina, da hannu biyu, kamar mai ɗaukar gawa. Na ci malmala ɗaya da rabi don kar a ce wani abu, kuma gaskiya tuwon ya yi daɗi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Bayan suna na shiga jinya a ɓoye. Na sa shi tsakanin gilasai biyu na ɗora masa buhun shinkafa mai kilo 20, mako biyu cur. Ya ɗan miƙe, irin miƙewar tsoho. Na kai wa dattijo muka ɗora a garmahonsa. Allura ta riƙa hawa da gangara kamar ƙaramar mota a hanyar ƙauye da damina, tsawar farko ta koma kamar kukan ciki, muryar mawaƙinsu Ozzy Osbourne kuwa ta fito tana rawa kamar wanda zazzaɓi ya kama. Dattijo ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya kai hancinsa kusa da faifan, ya tambaye ni wane irin ruwan wanki na yi amfani da shi. Ban san yadda ake cewa tuwo da Turanci ba, na ce masa sabon fitowa ne.

Ranar da Hajiya za ta koma, muna filin jirgi ta jawo ni gefe ta damƙa mini wani abu a hannu. Fam goma ce, an ninke ta huɗu. Ta ce, "Ummi ta ce ta ga kana share hawaye a bayan gida saboda murfin nan. Ungo, ka sayi biyu. In na isa kuma zan aiko muku da na kaba, na gaske, ku daina wahala da roba." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Na ɗauka shi ke nan asirina ya rufu. Ashe rasiɗin yana cikin kwalin faifan, kwalin kuma uwargida ce ta kawar da shi daga kan tebur ranar. Ba ta ce uffan ba har aka yi arba'in. Wata Asabar ta ce za ta shiga gari, ta bar mini yara. Da la'asar ta dawo da 'yar jaka daga Jewellery Quarter, unguwar maƙeran zinariya, ta tsaya gaban madubi tana gwada sarƙa da 'yan kunne, suna ta walƙiya. Na yi gyaran murya.

"Maman Ummi, wannan fa nawa?"

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta gyara zaman sarƙar a wuyanta, ta ce, "Fam biyar."