Wata bakwai ina ƙera Giwar Ƙarfe, wutarku ta cinye ta a dare ɗaya

Daren Talatar da ta gabata, wajen ƙarfe biyu, aka kawo wuta unguwarmu a Mabera, cikin garin Sakkwato, bayan kwana 11 ba mu ga ko ƙyallinta ba. Kowa yana kwance a tsakar gida, don zafin bazara ya hana shiga ɗaki. Na zabura daga tabarma na shiga na jona kwamfutata, saboda na san wutar nan ba ta da alkawari. Ko minti ashirin ba a yi ba ƙwan ɗakin ya yi wani haske fari fat mai kashe ido, fanka ta kama gudu kamar za ta tsinko daga sama, sai na ji tas! Ƙaurin roba ya cika ɗakin. A gidajen maƙwabta salati kawai ake yi, ana ƙwala wa yara kira su zare komai daga bango. Kafin hannuna ya kai ga soket caja ta narke, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

Da gari ya waye na kai ta wurin mai gyara. Ya kwance ta, ya shinshina, ya nuna mini wurin da ya babbake da bakin sukundireba, ya ce, "Yaya, wutag ga ta shiga har ciki. Ma'ajiyar ma ta taɓu, ka yi haƙuri." A cikin ma'ajiyar nan aikina na wata bakwai yake.

Wasan kwamfuta nake ƙirƙira, irin na dabarun mulki da yaƙi, wanda mai wasa zai riƙe daula, ya yi noma, ya tara haraji, ya fitar da runduna. Daular ƙagagga ce, na sa mata suna Daular Fadama. Abin da ya sa ni wannan aiki tambaya ce da ta daɗe tana cin raina tun ina yaro, lokacin da kakana ke ba mu labarin yaƙin Giginya. Ranar 15 ga Maris 1903 mahaya dawaki da lifidi da takubba da masu suka fito bayan garin nan tare da Sarkin Musulmi Attahiru, suka tarar da rundunar Turawan Ingila da bindiga mai ruwa da igwa. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar, ƙarfe ne ya fi ƙarfe. To, da a ce maƙeran wata daula irin tamu sun gano sirrin tururi tun kafin baƙi su iso, wane irin kayan yaƙi za su ƙera? Turawa sun shigo kogin Kwara da jiragen ruwa masu tururi tun 1832, ɗaya daga cikinsu ma sunansa Alburkah. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya cak a nan. Mu a Sakkwato ko kukan jirgin tururi ba mu taɓa ji a garinmu ba. Na ce bari in gina shi da hannuna, ko da a cikin kwamfuta ne.

Kuma ban yarda in yi aikin ganin dama ba, irin wanda za a zana dodo a manna masa bututun hayaƙi a ce inji ne. Sai da na zauna na karanci yadda abin yake aiki. Ruwa idan ya tafasa ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa fiye da sau 1,600, wannan matsin ne ke tura fistin, wato ƙarfen da ke kai-komo a cikin bututu, fistin ya juya ƙafa. Na karanta labarin Cugnot, Bafaranshen da ya ƙera amalanke mai tururi wajen 1770 don jan igwa. Amalanken bai fi mai tafiya da ƙafa sauri ba, kuma bayan 'yan mintoci sai ya tsaya a sake hura wuta tururi ya taru. Daga nan na gane cewa raunin injin tururi shi ne daɗin wasan, ba ƙarfinsa ba.

Babbar na'urata Giwar Ƙarfe ce, tukunyar tururi a ciki, garkuwar ƙarfe ta lulluɓe ta, igwa ɗaya a goshi don fasa ganuwa. Amma Giwa mashayiya ce. Injin tururi yana shan ruwa ninkin ba ninkin na abin da yake ci na makamashi, saboda haka na tsara cewa da rani ba za ta yi nisa da gulbi ba sai da ayarin jakuna masu ɗauke da salka a bayanta. Abokin gaba mai wayo ba zai tunkari Giwa ba, jakunan zai far wa, ko ya cike rijiyoyin hanya, ta tsaya a daji ta zama tulin ƙarfe. Da damina kuma lakar fadama ce ke haɗiye ƙafafunta. Kwal babu shi a ƙasar daular, kamar yadda na Najeriya yake can Inugu, don haka da gawayi take tafiya, na ƙirya, wanda maƙeranmu suka fi so. Sarkin da ya yi ta sare ƙirya don yaƙi zai ci garuruwa uku, bayan shekara biyar na wasa kuma hamada ta ci gonakinsa.

Akwai abin da na fi alfahari da shi, kuma a teburin mai shayin bakin layinmu na samo shi. Wata safiya na ga yana kankare farin ɓawon da ya kama cikin butarsa da cokali. Ƙasarmu ƙasar farar ƙasa ce, shi ya sa ake yin siminti a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana barin ɓawo a duk abin da aka tafasa shi a ciki. A tukunyar inji ɓawon nan yana hana zafi ratsawa zuwa ruwa, ƙarfen ya yi ja, ya yi laushi, ya fashe. Na mayar da wannan doka a wasan: in ka shayar da Giwa ruwan rijiya ba ka tsaya maƙera sun kankare ta ba, ko ka ɗaure bawul ɗin da ke rage matsi don ka ƙara gudu, za ta tarwatse a tsakiyar rundunarka. Sati uku na yi ina daidaita lissafin wannan fashewa kaɗai, a manhajar haɗa wasanni ta Godot, da dare, ina gumi kamar an watsa mini ruwa. Siffar Giwar kuma a manhajar zane ta Blender na sassaƙa ta, ƙusa bayan ƙusa. Har jirgin gulbi na yi, Kada, wanda ba ya tafiya sai ruwa ya kawo.

Duk wannan ya tafi, ban da ɗan abin da na kwafa a filashi wata uku da suka wuce. Na san akwai mai cewa me ya hana ni ajiyewa a intanet. Ya zo ya saya mini data! Kuɗin data ya tashi a farkon 2025, fayilolin zane manya ne, kuma a unguwarmu idan wuta ta daɗe babu, sabis ma rarrafe yake yi.

Yanzu ga abin da ya sa nake tafasa. Wannan ba ƙaddarar da ta faɗo daga sama ba ce. A watan Oktoban 2024, da aka lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro, Arewa ta yi kwanaki a duhu, mun yi haƙuri don mun san ɓarna ce aka yi a daji. Wannan kuwa sakaci ne tsagwaronsa. Taransifomarmu ce ta lalace. Aka ce babu kayan gyara a ofis, sai mu yi karo-karo. Kowane gida ya ba da naira dubu biyar, har da gidan marayu da na tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli. Muka sayi mai, muka sayi waya, muka ba ma'aikata na abinci. Suka zo da magariba suka yi ɗaure-ɗaurensu cikin gaggawa da fitilar waya suka tafi. Wani dattijo mai aikin wayarin a layinmu ya je ya duba da safe, ya tarar wayar nitiral, wadda ke daidaita ƙarfin wuta tsakanin gidaje, ko ɗaure ta ba a yi da kyau ba, tana reto. Ya yi mana bayani: idan wannan waya ta saki, wutar da ya kamata ta shigo gida da ƙarfin volt 230 tana iya haurawa kusan 400 a wasu gidaje, wasu kuma ta yi ƙasa kamar kyandir. Kusoshi biyu da minti biyar ne tsakaninmu da wannan asara.

Ba ni kaɗai ba ne. Firjin Hajiyar da ke bayan gidanmu ya ƙone, da shi take yin ƙanƙara da zoɓo tana ciyar da 'ya'ya shida, kuma a bazara, lokacin da kasuwarta ke ci. Telan bakin masallaci ya rasa injin surfaninsa. Talabijin da fankoki da cajar waya kuwa ba a magana.

Ranar Alhamis muka je ofishin masu wutar mu huɗu. Muka zauna a benci fiye da awa biyu. Da aka kira mu, wanda ke kan tebur ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "To, mi kuka so mu yi muku? Ba mu munka ƙona ba. Ku rubuto takarda." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ma'aikatanku ne suka yi ɗaurin, kuma aikina na wata bakwai ne ya salwanta." Ya tambaye ni wane aiki. Da na faɗa masa sai ya kwashe da dariya, ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Au, ashe gem ne ma!"

Wallahi wannan dariya ta fi ƙonewar kwamfutar yi mini ciwo. Eh, gem ne. Gem ne da na koyi lissafi da zane da tarihi dominsa, ba tare da wani ya ba ni ko sisi ba. Kullum ana yi mana huɗuba a rediyo cewa matasa su daina zaman kashe wando, su koyi fasahar zamani, su dogara da kansu. Da me? Da wutar da ba ta zuwa, in ta zo kuma ta zo da kisa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado a gidajen irinmu. Sola kuwa, ga rana nan Allah Ya hore mana har ta yi yawa, amma kuɗin faranti da batir da inbata ya fi ƙarfin mai koyar da yara a makarantar kuɗi kamata. Da kuɗin adashe na sayi kwamfutar nan, ta hannu, bayan shekara ɗaya da rabi ina zubi.

Sannan don a ƙara mana gishiri a miki, jiya aka liƙa mana bil a ƙofa. Ba mu da mita, shekara biyu muna nema ana cewa mu jira, saboda haka kintace ake yi. Watan da muka yi kwana 11 a duhu, muka gyara taransifoma da kuɗinmu, aka ƙona mana kaya, kuɗin da aka rubuto ya ma fi na watan jiya. Wa ya sha wannan wutar? A watan Afrilun 2024 aka ce masu rukunin A za su biya naira 225 a kan kowane yunit a ba su awa 20 a rana. Mu ba ma cikinsu, ba mu kuma nemi awa 20 ba. Awa shida muke roƙo, a sanar da mu lokacinta, ta zo da ƙarfin da ba zai kashe mana kaya ba, a ba mu mita mu biya abin da muka sha. Ku masu wuta, in ma'aikacinku ya yi sakaci, ku biya diyya kamar yadda kuke yanke mana waya ranar da muka yi jinkirin biya, ba tare da kun ce mu rubuto takarda ba.

Takardar mun rubuta, gida 23 sun sa hannu. Na sayi littafin rubutu mai shafi 80, na soma sake zana Giwa da fensir daga abin da na tuna, da fitilar waya, amma lissafin fashewar tukunyar ya ƙi dawo mini daidai. Ranar Litinin za mu koma ofishin da buhu guda cike da ƙonannun caja da ƙwai da injin firjin Hajiya, mu juye shi a kan teburin mutumin nan, kuma ba za mu tashi daga bencin ba sai mun ga wanda ya fi shi.