Ƙaramar jif mai shan fetur da lantarki: lissafin da na yi a Kaduna

Tun da na fara hawa wannan ƙaramar jif da ake jona wa wuta kamar wayar hannu, da wuya in tsaya a masallaci ko wurin ɗaurin aure wani bai tare ni da tambaya ba, kuma tambayar kusan ɗaya ce: da gaske ba ta shan mai? Tana sha, sai dai yawan abin da take sha ya dogara ne ga wutar gidan mai ita, abin da masu tallar irin waɗannan motoci ba su cika faɗa ba.

Motar Toyota RAV4 Prime ce ƙirar 2021, ta hannu, an shigo da ita daga Amurka. Tana da injin fetur mai lita 2.5, tana kuma da batir mai ɗaukar yunit 18.1 na lantarki, wanda a takarda aka ce yana kai ta kimanin kilomita 68 kafin injin ya tashi. Idan cajin ya ƙare ba ta tsayawa, sai ta koma aiki irin na sauran motoci 'yan ruwa biyu da ba a jona su, injin da batir suna taimakon juna. Na saye ta ne bayan cire tallafin mai da shugaban ƙasa ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ta zarce 1,000 a watan Oktoban 2024.

Zirga-zirgata ta yau da kullum ba ta da yawa: daga Barnawa in haye gada zuwa wurin aiki kusa da titin Ahmadu Bello, in ɗauko yara daga makaranta, wani lokaci in leƙa Kawo gaida mahaifiyata. Duka bai wuce kilomita 40 ba, saboda haka ranar da na wayi gari da cikakken caji, injin ba ya ko motsawa. Cunkoson yamma, wanda yake ƙona wa sauran direbobi mai a banza, ni bai cika yi mini ɓarna ba, domin motar da ke tsaye ba ta cin komai sai abin da na'urar sanyaya ciki ta ja, kuma duk taka birki yana mayar da ɗan caji cikin batir. A zafin Maris da Afrilu kuwa nisan yana raguwa ƙwarai, ina samun kilomita 50 zuwa 55 ne kawai.

Inda maganar take da nauyi shi ne kuɗin cajin. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka sassauta shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Mitar gidana tana nuna mini cewa cika batirin daga ƙasa yana cin yunit 15 zuwa 16, kimanin naira 3,300 ke nan. Wannan nisan kuma, idan na bar injin ya yi shi, ba zai sha fiye da lita huɗu ba, domin motar ko da fetur take tafiya mai tsimi ce. Duk wanda ya buga lissafin zai ga cewa a farashin rukunin A da na fetur na ƙarshen 2024, ratar da ke tsakanin wuta da fetur 'yan ɗaruruwan naira ce. Babbar ribar da nake gani tana fitowa ne idan na kwatanta da tsohuwar jif ɗina, wadda take shanye lita bakwai a wannan tafiyar, kuma mafi yawan wannan ribar da na same ta ko da 'yar ruwa biyun da ba a jonawa na saya, wadda ta fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Masu cewa a yi caji da janareta kuwa, ina roƙonsu su sake tunani. Ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu a kowace lita, ma'ana sai an ƙona lita takwas ko fiye kafin a samu tafiyar da injin motar zai yi da huɗu, ga ƙara, ga hayaƙi, ga maƙwabta. An yi ba a yi ba ke nan.

Sola ce kaɗai take mayar da tafiyar kusan kyauta, amma ita ma da tata matsalar, wadda ban hango ba sai da na shiga ciki. Rana tana fitowa ne a daidai lokacin da motar take ajiye a wurin aiki, idan na dawo da yamma faifan sun gama aikinsu, kuma jona mota da dare a kan batiran gida yana nufin a kwana babu fanka babu firji. Uwargida ta yanke wannan hukunci tun a makon farko, kuma gaskiyarta. Yanzu Asabar da Lahadi ne nake cajin da rana, sauran kwanaki kuma ina jiran wutar layi, in saita motar ta fara ja da tsakar dare. Cajar da ta zo da ita ta gidajen Amurka ce mai bolt 120, alhali tamu wutar 230 ce, don haka na sayi wata, na sa mai gyaran wuta ya ja mata layi na daban da waya mai kauri. Da wannan tana cika cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, muddin wutar ta tsaya kuma tana da ƙarfi.

Duk da wannan lissafi ban yi da-na-sani ba, kuma dalilina ba na kuɗi ba ne. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka shafe fiye da mako guda cikin duhu, na ci gaba da harkokina da fetur kamar kowa, abin da mai motar lantarki zalla ba zai iya ba. Lokutan da layin mai ya toshe tituna kuwa, ina wucewa ban nemi 'yan bumburutu ba. Zuwa Zariya, mai nisan kusan kilomita 80, batirin yana ɗaukar fiye da rabin hanya, zuwa Abuja ko Kano kuwa fetur ne yake yin aikin. A ƙasar da wuta da mai suke yin fashi bi da bi, mota mai kafa biyu tana ba da kwanciyar hankalin da ba a rubuta shi a rasit.

Abin da yake sa ni taka-tsantsan shi ne gyara. Canjin baƙin mai, tayoyi da ƙafafu duk aikin da kowane ƙwararren bakanike zai yi ne, amma wayoyin batirin motar masu launin lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 300, kuma na taɓa tsayar da wani yaron gareji da ya kai hannu zai kwance ɗaya don ya samu hanyar sa sifana. Batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, saboda haka da damina ba na bin sahun masu kutsawa cikin ruwan da ban ga ƙasansa ba. Shirunta ma abin lura ne, domin duk da ɗan sautin da take fitarwa idan tana tafiya a hankali, yara da awaki a cikin unguwa ba sa jin tahowarta, sai na koyi sa hannu kusa da ham.

Kwanan baya wani abokin aikina da ya girme ni ya ce in haɗa shi da wanda ya kawo mini. Na ce masa, «Yallaɓai, awa nawa ake ba ku wuta, kuma ina kake ajiye mota da dare?» Ya ce a bene na biyu yake haya a Unguwar Rimi, mitarsu ta haɗaka ce, motoci kuma a waje suke kwana. A makon da ya biyo baya muka je tare ya duba RAV4 'yar ruwa biyu wadda ba a jonawa, kuma ita yake hawa yanzu.