Kwana huɗu ina ɗinkin jaka, a minti ɗaya aka sace hotonta

Ranar Talatar da ta wuce aka dawo mini da jaka daga Legas. Jakar fatar akuya ce, ja, ɗinkin hannu, wadda na zauna a kanta kwana huɗu cur. Ta bar hannuna fes cikin kwalinta, ta dawo bayan kwana 16 kwalin ya lotse, maratayinta ya tsinke, ga tabon mai a gefe guda. Dalilin da aka rubuto mini layi ɗaya ne, wai launinta bai yi daidai da na hoto ba. Shi ke nan. Babu wanda ya kira ni, babu wanda ya ji ta bakina. Kasuwar intanet ɗin da na sa kayana ta mayar wa Hajiyar da ta saya kuɗinta, ni kuma aka bar ni da kuɗin dakon dawowa da jakar da ba zan iya miƙa wa kowa da sunan sabuwa ba. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba.

Ni baduku ne, ɗan baduku, a cikin birnin Kano. Don haka bari in faɗa wa duk wanda ya rubuta wannan doka ta mayar da kaya abin da bai sani ba: fata ba roba ba ce. Kafin ta zo hannuna sai ta bi ta majema, an jiƙa ta, an karce gashinta, an jeme ta da bagaruwa, an shanya, an murza har ta yi laushi, sannan a rine ta, ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Akuya biyu ba sa ba da launi iri ɗaya ko da a tukunya ɗaya aka tsoma fatunsu. Wannan ɗan bambancin shi ne shaidar cewa hannun mutum ne ya yi aikin, shi ne ma abin da mai saye ya biya kuɗi dominsa. Ta yaya za a ɗauko dokar da aka yi wa kofin roba da cajar waya a ɗora wa fatar jar akuyar Sakkwato? Fatar nan fa ita ce ayari suka riƙa ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka sa mata suna fatar Maroko. Tun wancan zamanin aikin namu ne, sunan na wani. Na ɗauka intanet ce za ta raba mu da wannan, ashe ƙara hura wutar za ta yi.

Ba zan yi butulci ba. Na san halin da muke ciki kafin in shiga harkar. Tun bayan hare-haren da aka kai Kano a watan Janairun 2012 baƙin da ke zagaya kasuwar Kurmi suna sayen tum-tum da takalma da jakunkuna suka ja baya, sai kuma korona ta zo a 2020 aka kulle gari, muka zauna a gida muna kallon kaya a rataye. A lokacin ne ɗan yayana ya buɗe mini shafi ya koya mini ɗora hoto. Cinikina na farko daga Fatakwal ya zo, garin da ban taɓa takawa ba, kuma da kuɗin na auno shinkafa a makon da gidana babu komai. Na san matan aure masu ɗinkin hula da masu saƙa da ke sayar da kayansu daga cikin ɗakinsu ba tare da dillaliya ta raba musu riba biyu ba. Duk wannan gaskiya ne. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo, domin hanya ce mai kyau aka cika ta da ƙaya.

A Kurmi idan dillali ya sayar maka da kaya yakan ɗauki la'adarsa, amma ya san fuskarka, ya san gidanku, kuma idan rigima ta tashi tsakaninka da mai saye zai tsaya a sasanta. A intanet ana cire kamasho tun kafin kuɗin su iso gare ka, ragowar kuma a riƙe su kwana da kwanaki wai ana jiran wa'adin mayar da kaya ya wuce. Idan ba ka biya kuɗin talla ba, kayanka sai su nutse can ƙasa inda babu mai gani. Ka biya a nuna ka, ka biya idan ka sayar, ka biya idan an fasa saye. To, a wace gaɓa ce su suke ɗaukar asara?

Ga kuma tsadar da ke cin mu ta ko'ina. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kowane direba a tasha da kowane ɗan babur mai kai saƙo ya ɗora wannan a kan kwalina. Dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, alhali zif da gam da ƙarafan maɗauri duk daga waje ake shigo da su. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, ni kuwa shagona a cikin data yake zaune. Wutar da zan yi cajin wayar ma sai an ga dama, sau da yawa sai na kai wa mai caji na biya. Amma idan na ƙara naira dubu biyu a kan jaka, sai a ce Malam ka cika tsada.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne satar hoto. Watanni kaɗan da suka wuce wata tsohuwar kwastomata ta turo mini wani shafi tana tambaya ko reshena ne. Na buɗe, sai ga jakata, a kan tabarmata, har da basillar marigayi mahaifina a gefen hoton inda na manta ban ɗauke ba. Ni ina sayar da ita naira 25,000, mai shafin kuwa ya sa mata 9,000. Abin da yake aika wa mutane kuwa jakar roba ce ta kamfani, wadda za ta fara saɓulewa kafin damina ta fita. Na kai ƙara ta hanyar da suka ce a bi. Amsar da ta zo da Turanci ce, irin wadda na'ura ke turo wa kowa, ana neman in kawo takardar shaidar cewa hoton nawa ne. Wace takarda? Basillar ubana ce takardar! Na sake rubutawa sau uku, shiru kamar an shuka dusa. Har yau hoton yana can yana yi wa ɓarawo ciniki, ni kuma kullum sai wani ya turo mini shi ya ce, ga ta can dubu tara, kai me ya sa taka ta yi tsada haka? In tsaya in yi bayanin jima da rini da ɗinki ga mutum goma a rana, tara su karanta su wuce ko sallama babu.

Ku ma masu saye, 'yan uwana, ku ji tsoron Allah. Farashi a rubuce yake ƙarƙashin hoto, amma sai mutum ya tambayi nawa, sannan ƙarshe nawa, sannan a ɗauko masa ta ciki, ta baya, ta ƙasa, a yi masa bidiyo, ƙarfe sha biyun dare yana turo saƙon murya. Bayan ka ajiye basilla ka yi masa duk wannan, sai ya ce zai dawo. Wani ya ce sai kaya sun iso zai biya, ka yarda ka aika, direba ya isa ya kira, waya a kashe. Sau ɗaya an turo mini alat na bogi a kan takalma ƙafa uku ana gobe Sallah, ban gane ba sai da mota ta wuce Zariya. Na san shi ma mai sayen an sha cutarsa, ya biya kuɗi an aiko masa da tarkace, shi ya sa yake ɗari-ɗari da ni. Amma wa ya jawo hakan? Kasuwar da ta bar mai sana'a da mayaudari a layi ɗaya, ba ta tantance kowa, ita dai a biya ta kamashonta.

Maganar ƙasar waje kuwa wani baƙin cikin ne daban. Wani bawan Allah a Landan ya nemi tum-tum biyu, da na tambayo kuɗin aikawa sai suka fi kuɗin kayan, ciniki ya mutu a nan. Wata babbar kasuwar kayan hannu ta waje da na gwada ko shago ba ta bar ni na buɗe ba, saboda a Najeriya nake zaune. Amma na ga irin kayanmu a cikinta, wani da ke zaune a can ya saro a Kurmi da araha, ya rubuta aikin hannu daga Afirka, ya sa kuɗin da ban taɓa mafarkin kira ba. Ko sunan Kano bai ambata ba.

Ba sadaka nake roƙo ba. A sa mutum mai rai, mai jin Hausa, wanda zan kira ya saurare ni kafin a yanke mini hukunci. A ware aikin hannu daga kayan kamfani, a nemi duk mai cewa shi ya ɗinka ya nuna hannunsa a kan aiki. Wanda ya fasa saye ba tare da aibi a kayan ba, shi ya biya dako. Wanda aka kama da hoton wani a rufe shagonsa ranar, ba sai an wahalar da mai haƙƙi ba.

Jakar tana nan rataye a ƙusa. Daren nan zan warware maratayin in sake masa ɗinki, tabon man dai na gwada ya ƙi fita. Kuɗin wasu kaya uku da na sayar tun farkon wata har yanzu masu kasuwar intanet ɗin suna riƙe da su, ranar Juma'a kuma majemi zai zo karɓar kuɗin fatunsa goma sha biyu.