Mai Tsire da Malamin Asibiti a Aboabo

Bayan sallar magariba a Aboabo, cikin Kumasi, Malamin Asibiti ya tsaya gaban tukuba, Mai Tsire kuwa ya ajiye wuƙarsa ya ɓata rai.

Mai Tsire: Malam, an ce ka zauna a majalisa kana cewa namana yana kawo ciwon daji, alhali ko sau ɗaya ban taɓa yanka naman daji ba.

Malam: Ba ni na faɗa ba, Alhaji. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take Liyon a Faransa, ita ce ta bayyana a 2015 cewa naman da aka sarrafa, kamar sosej da naman gwangwani, yana haddasa ciwon dajin babban hanji, kuma giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin ɗari.

Mai Tsire: Alhamdu lillahi, ashe kashi 82 lafiya lau ne! Ko a kasuwar Kejetia ba a samun irin wannan riba.

Malam: Ba haka ake lissafin ba. Jan nama kamar naka an sa shi a sahun abin da ake kyautata zaton yana haddasa ciwon, kuma idan wuta ta ƙona shi ya yi baƙi sinadarai masu cutarwa suna ƙaruwa a cikinsa, shi ya sa masana suka ce kada mutum ya wuce giram 500 na dafaffe a mako, ya yawaita wake da gero da ganye.

Mai Tsire: Ganye ai ina bayarwa. Kowane ƙunshi da albasa yanka uku, ga kuma ƙuli-ƙuli, wanda asalinsa gyaɗa ce daga gona.

Malam: A nan ma gizo yake saƙa. Idan gyaɗar arha ce wadda ta sha damshi ta yi hunhuna, tana iya ɗauke da gubar afulatokzin, wadda gashi ba ya kashe ta gaba ɗaya, ita kuwa hanta take ci, balle ga mai ciwon hanta nau'in B. Wace iri ake yi maka ƙulin da ita?

Mai Tsire ya duƙufa wajen fifita wuta, ko da yake wutar ba ta nemi fifita ba.

Mai Tsire: Wannan sirrin sana'a ne, amma gobe zan aika a tsince ta.

Malam: Madalla. To, yanka mini na sidi 20, ka kankare ƙonannen, ka ƙara albasa.

Mai Tsire: Allah ya gafarta Malam, littafin bashina ya nuna ka cika giram ɗinka 500 tun ranar Laraba. Mai shinkafa da wake tana bayan masallaci, sai dai ita ba ta ba da bashi.